Tsokaci A Kan Harshen Taya 'Yan Wasa Murna A Kafofin Sada Zumunta

Gabatarwa

Ranar 22 ga watan Yuni, 2018, a birnin Volgograd na ƙasar Rasha, Ahmed Musa ya jefa ƙwallo biyu a ragar Aislan, Nijeriya ta tashi da ci biyu da nema a gasar cin kofin duniya. Shekara huɗu kafin haka, watau ranar 25 ga Yuni, 2014, a Porto Alegre ta Burazil, shi dai wannan ɗan wasa ya jefa wasu biyun a ragar Ajantina, amma aka cinye Nijeriya da ci uku da biyu. Aikinsa iri ɗaya ne a ranakun nan biyu, sakamakon ne ya bambanta. Bahaushen da ya gaji harshensa ba zai gaishe shi da lafazi ɗaya ba: a 2018 barka zai yi masa, a 2014 kuwa sannu da ƙoƙari. To amma wanda ya saba duba rubuce-rubucen Hausa da ke kwarara a Facebook da WhatsApp da makamantansu bayan an tashi daga babban wasa, ya san jimla guda ce ta mamaye ko'ina, ko an ci ko an sha kashi da mutunci, watau, "Muna taya ka murna, muna alfahari da kai."

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa gaisuwar murna a Hausa magana ce ta mutum biyu, mai neman amsa, kuma da yake a waɗannan kafofi wanda ake yi dominsa ba ya wurin, sai gaisuwar ta rabu biyu: wani ɓangare ya bushe ya zama haddar fassara, wani kuma ya juya ya fuskanci wanda yake iya amsawa, ya rayu a can. Misalan da za a kawo an tsara su ne bisa ƙirar da ta fi yawaita, ba maganar wani mutum ne takamaimai ba.

Barka da sannu da taya murna

Kalmar barka daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da albarka. Ana yin ta ne a kan alherin da ya sami mutum, ko haɗarin da ya tsallake. Matar da ta sauka lafiya, mata kan je mata barka. Wanda mota ta kife da shi ya fita ba ko ƙwarzane, barka da arziki ake ce masa. Haka matafiyi da mai azumi da wanda ya ga Salla. Abin lura a nan shi ne mai yin barka bai jingina abin da ya faru ga ƙarfin mutum ko wayonsa ba, rabo ya gani daga Allah, ya yi maraba da shi. Sa'an nan barka ba ta cika sai an amsa, a ce "barka kadai" ko "barkanmu dai", watau wanda aka gaisar ya mayar da albarkar ta game mai gaisuwa.

Sannu kuwa wahala take dubawa. Ana yi wa manomi sannu da aiki tun kafin a san ko gonar za ta yi kyau, ana yi wa majinyaci, ana yi wa wanda ya sha rana. Madalla da "a gaishe ka" da jinjina su kuma hukunci ne a kan gwaninta, shaida ce cewa an ga aiki ya yi. Ke nan Hausa ta raba abu uku waɗanda kalmar Ingilishi guda ta haɗe: rabo, da gumi, da gwaninta.

Amfanin wannan rabuwa yakan fito fili a inda nasara ta zo rabi da rabi. A wasannin Olamfik na 2016 a Rio, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar ya kai wasan ƙarshe na takwando, aka rinjaye shi, ya komo da lambar azurfa. Rabon da ƙasarsa ta sami wata lamba a wannan gasa tun 1972, sa'ad da Issaka Daboré ya ciyo tagulla a damben zamani a Munik, shekara 44 ke nan. Me ya dace a ce wa irin wannan mutum? Shi a ransa zinariya ce ta kuɓuce masa, ƙasarsa kuwa ta sami abin da ta daɗe ba ta gani ba. Bahaushe na iya ce masa, "Sannu da ƙoƙari, barkanmu da arziki", ya ba gumin haƙƙinsa, ya ba rabon nasa, a numfashi ɗaya. Da ya ci gasar duniya a 2017, a nan ne barka ita kaɗai ta wadatar.

Taya murna Hausa ce tsantsa, ba a tuhumar ta. Aikatau ɗin taya yana ɗaukar mutum tukuna, sa'an nan aikin da ake kama masa: taya Audu aiki, taya amarya kwana, taya baƙo hira, taya maƙwabci baƙin ciki. Ma'anar tana da daɗi ƙwarai, domin tana nuna murna kaya ce ta wani, an zo a kama masa. Sai dai a maganar baka, taya murna sunan aikin ne. Mutane kan ce, "Mun je taya shi murna", amma da suka isa zaure abin da ya fito daga bakinsu barka ne da addu'a. Haka mai ta'aziyya ba ya tsayawa a kan "ina yi maka ta'aziyya", sai ya ce ya haƙuri, ya roƙa wa mamaci gafara. Rubutu ne ya mayar da sunan aikin ya zama gaisuwar kanta, ta hanyar wasiƙa da saƙonnin rediyo da shafukan jarida da akan saya a gai da wanda aka naɗa sarauta ko aka ba muƙami. A wancan fage ta zauna daidai, da yake mai saƙo na nesa. Daga can kafofin sada zumunta suka ɗauko ta, suka kuma ƙara mata wani lahani da ba ta zo da shi ba:

(1) Taya murna ga Ahmed Musa.
(2) Taya murna!
(3) Babban taya murna gare ku.

A (1) an ƙwace mutumin daga mazauninsa na karɓau an tura shi bayan harafin ga. A (2) babu mai tayawa, babu wanda ake taya, kuma in an bi nahawu umurni ne ake ba wani ya je ya taya murna. A (3) an ɗora wa aikatau sifa kamar wani ƙunshin kaya da za a miƙa. Dukansu uku ƙashin bayansu na Ingilishi ne, an lulluɓe shi da kalmomin Hausa, kuma na'urorin fassara sun taimaka wajen yaɗa su. Malamin da ya ga irin waɗannan a takardar ɗalibi bai kamata ya wuce su ba don kawai kowace kalma a cikinsu tana cikin ƙamus.

Alfahari da kunya

Rabin jimlar na biyu, "muna alfahari da kai", ya fi ban sha'awa ga mai nazarin ma'ana. Alfahari ma daga Larabci yake, kuma a tsohuwar Hausa ba halin kirki ba ne. Malaman wa'azi sun jera shi tare da girman kai da riya da hassada cikin cututtukan zuciya, har yau kuma dattijo in zai ambaci wata ni'ima da Allah ya yi masa yakan fara da cewa "ba alfahari ba". Sabuwar ma'anar, ta jin daɗi da abin da naka ya yi, ta riga ta zauna a bakin 'yan jarida da 'yan siyasa da sauran jama'a, kuma ba aikin manazarci ba ne ya kori abin da masu harshe suka karɓa. Abin da bai zauna ba, kuma bai kamata a bari ya zauna ba, shi ne irin su "ka yi mu alfahari", wadda kunnen Bahaushe ba ya gane wa ya yi wa wa.

Akwai hasara a nan wadda ta wuce ta nahawu. Abin da Bahaushe ya saba faɗa wa wanda ya wakilce shi ya yi nasara shi ne, "Ka fitar da mu kunya", ko "Ka share mana hawaye", ko "Ka fitar mana da kitse daga wuta". Waɗannan maganganu suna ɗauke da tarihin fagen dambe da kokawa, inda saurayi kan tafi wani gari da kaka, da makaɗansa da mutanen unguwarsu, in aka kayar da shi garin duka aka kayar. Saboda haka abin da ake tsoro kunya ce, abin da ake godiya a kansa kuma tsira daga gare ta. Mai cewa "ka fitar da mu kunya" ya amsa cewa shi ma yana cikin haɗarin, ana bin sa bashin godiya. Mai cewa "muna alfahari da kai" kuwa ya tsaya ne a gefe yana ɗaukar rabonsa daga ɗaukakar wani. Duka biyun Hausa ne a yau, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba, kuma na farkon ne yake ja da baya a rubuce.

Inda tsohuwar al'ada ta fi riƙe ƙafarta shi ne wajen addu'a. Bahaushe yana tsoron yabo tsirara saboda kambun baka, don haka yakan rufe shi da tubarkalla ko ma sha Allah, ya bi da roƙon tsari. Wannan bai ɓace ba, da wuya a ga saƙon Hausa ga ɗan wasa wanda bai ƙare da "Allah ya ƙara ɗaukaka" ko "Allah ya kare ka daga sharrin mahassada" ba. Aibin kawai shi ne addu'o'in nan biyu ko uku su ne ake liƙa wa ango da sabon kwamishina da wanda ya gama digiri. Addu'ar da ta dubi sana'ar mutum, irin ta a tsare masa ƙafa daga targaɗe da karaya, ta fi nuna an san wanda ake roƙa wa. (Rashin lanƙwasar baƙaƙe a rubutun waya ma yana da nasa ɓarnar a daidai nan: in an saba rubuta ƙ da k iri ɗaya, ba abin da zai raba "Allah ya kare ka" da "Allah ya ƙare ka" sai kyakkyawan zato.)

Wa ake yi wa magana?

A watan Disamba na 2022, da Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Ƙatar, an yi ta rubuta wa Lionel Messi saƙonni da Hausa, ana ce masa ka da kai, alhali marubutan sun san ba zai gani ba, ko ya gani ba zai gane ba. Wannan ba wauta ba ce, amma ya kamata a tambayi wanda ake so ya ji. A fagen dambe amsar a fili take. Ɗan damben yana tsaye, kalangu na kaɗa takensa, tsumarsa na tashi, in ya yi kisa a ɗaga shi sama a yi masa kari. Ɗan Anace a gaban Shago yake yi wa Shago waƙa, kuma waƙar tana da aiki a jikin damben kansa, tana zuga wanda ake yi wa, tana karya zuciyar abokin karawa. A kafofin sada zumunta kuwa wasan ya riga ya ƙare, gwarzon yana wata nahiya. Wanda zai karanta shi ne abokin da aka zauna da shi benci ɗaya a gidan kallon ƙwallo, wanda yake goyon bayan wata ƙungiya. Shi ya sa saƙon kan fara da gwarzo ya ƙare da maƙwabci:

(4) Muna taya gwarzonmu murna. Maƙiya sai a sha ruwan sanyi a kwanta.
(5) Barkanmu da arziki. Masu cewa ba za mu kai ba, yau ina labari?

Jimla ta farko a (4) matacciya ce, ta biyun ce mai rai, kuma ita ce dalilin rubutun. Wannan habaici ne, da dukan sharuɗɗansa: ba a ambaci suna ba, amma mai shi ya san kansa. A (5) kuwa an ma bar ɗan wasan gaba ɗaya, an koma ga wakilin suna mu.

A nan ne barka ta sami mafaka. Da Real Madrid ta ci Dortmund biyu da nema a Wembley a 2024 ta ɗauki kofin zakarun Turai karo na 15, wanda aka yi wa barka a Kano da Zariya da Maraɗi shi ne mai goyon bayanta. Akan ce masa "Barkanku 'yan Madrid", shi kuma ya amsa yadda ake amsawa, domin yana nan, yana ji. Wanda aka cinye ƙungiyarsa kuma akan bi shi da lafazin zaman makoki, a ce masa "Ya muka ji da haƙuri?" ko "Allah ya kiyaye gaba", shi ma ya san ba jaje ake yi masa ba. Aron lafazin ta'aziyya don tsokana ba zai yiwu ba sai tsakanin waɗanda suka amince da juna, kuma ya yi kama ƙwarai da wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari. Watau magoya bayan ƙungiyoyin Turai sun ƙirƙiro wa kansu sabuwar taubasantaka, da Hausa mai kyau, a daidai wurin da ake zaton harshen ya lalace. Wannan fage ne da ɗaliban adabin baka za su sami abin tsinta a cikinsa.

Akwai saƙo iri na uku wanda ba ɗan wasa yake nufi ba, ba kuma maƙwabci ba, shi ne na masu muƙami da masu neman muƙami. Ƙirarsa sananniya ce: mai girma wane, da jerin laƙabansa layi uku, yana taya wane murna, hoton mai tayawa ya fi na wanda ake taya girma. A al'adar roƙo, mai yabo kan ɓoye kansa ya cika fage da sunan wanda yake yabo. Nan an kifar da ƙwaryar.

Kirari

Kirarin da ake yi wa 'yan wasa a rubuce bai wuce 'yan kalmomi ba: gwarzo, jarumi, zaki, namijin duniya, dodon raga, zakaran gwajin dafi. Ba laifi gare su, sai dai kowa ana ba shi. Kirari na gaskiya riga ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya, ta ɗauki garinsu ko sana'ar gidansu ko wani hali nasa a fage, yadda ko ba a faɗi suna ba za a san mai shi. "Sai Masu Gida" na Kano Pillars, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ya cika wannan sharaɗi. An gina shi a kan tsohuwar ƙirar "sai wane", kuma cikin kalma uku ya yabi nasa ya mayar da kowa baƙo.

Kishiyar wannan ita ce akuya. Haruffan Ingilishi huɗu, GOAT, waɗanda aka taƙaita daga maganar da ke nufin wanda ba a taɓa yin kamarsa ba, sun yi daidai da sunan akuya a wancan harshe, sai aka riƙa manna ɗan hoton akuya a gefen sunan Messi ko Ronaldo. A Ingilishi wasa da kalma ne. A Hausa kuwa ba a yabon namiji da akuya, dabbar ɓarna ce mai shiga gonar mutane, bunsuru kuma zagi ne kai tsaye. Duk da haka matasa sun karɓe ta, har akan ga "akuyarmu" a matsayin yabo. Abin da ya cece ta shi ne masu faɗa suna sane da rashin dacewar, dariyar ma a nan take, kuma abokin hamayya yakan mayar da ita ga ma'anarta ta Hausa ya rama. Kalma ce da ke yabo da zambo a lokaci ɗaya, gwargwadon bakin da ta fito.

Inda taskar kirari ta fi nuna gajiyawa shi ne wajen mata. A watan Yuli na 2022, a Eugene ta Amurka, Tobi Amusan ta yi tseren mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba kafin ita, ta kuma ci zinariyar gasar duniya. Mai son yaba mata da Hausa zai tarar yawancin kayan aikinsa na maza ne, domin a fagen yaƙi da farauta da dambe aka ƙera su. Gwarzo yana da gwarzuwa, jarumi yana da jaruma, zaki yana da zakanya, waɗannan sun samu. Zakara fa? Macen zakara kaza ce, ba kuwa wanda zai ce wa gwanar tsere kaza ya ce yabo ya yi. Saboda haka akan ce "ta zama zakara", a bar jinsin kalmar ya saɓa wa na mai ita, ko a ce "ta yi namijin ƙoƙari", watau yabon nata sai ya bi ta kan namiji kafin ya iso gare ta. "Kallabi tsakanin rawuna" ma ba ya aiki a nan, da yake da mata 'yan'uwanta ta kara, babu rawani a fagen.

Barka da sannu ba su da wannan matsala, wakilin suna kawai ake sauya musu: barkanki, sannunki, barkanku. Ranar 26 ga Yuli, 2025, a Rabat, Maroko ta sa Super Falcons a gaba da ci biyu da nema kafin hutun rabin lokaci, suka dawo suka farke, suka ƙara ɗaya ana dab da tashi, suka ɗauki kofin Afirka na mata karo na 10. Ƙungiyar da ta leƙa bakin rami haka ta fito, gaisuwar da ta dace da ita ita ce barka da arziki, wadda tun asali ake yi wa wanda ya tsallake haɗari, ake kuma yi wa mace in ta sauka lafiya.